Akwati Mai Kwaɗo Uku

A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani ɗan gwaji da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. Ba jari aka raba musu ba. Tsari aka kawo: su taru duk mako, kowacce ta zuba abin da ya sawwaƙa, a kulle a akwatin ƙarfe, mai bukata ta ranta ta biya. Aka raɗa wa shirin suna Mata Masu Dubara. Yau ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, a arewacin Najeriya kuma ana ce masa adashin gata.

Mai wannan rubutu aikinta ke nan, horar da irin waɗannan ƙungiyoyi. A kan tabarma take yini da masu ƙosai, masu ƙuli-ƙuli da masu saƙar hula, ba kuma ta taɓa zuwa unguwar da ba a tare ta da magana ɗaya ba: “Hajiya, abin da bai isa cefane ba, me za a ajiye a cikinsa?”

Lissafi ne ke ba da amsa. Naira 500 a mako ta zama 26,000 a shekara. Naira 200 a kullum ta zama 73,000. Wahalar ita ce kuɗin su kwana ba a taɓa su ba, a gidan da yaro ke neman na biro, maƙwabciya ke neman rance, ga kuma anko an fito da shi. Shi ya sa akwatin ke da kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Matar da za ta ji nauyin hana ƙanwar mijinta rance, yanzu tana da amsar da ba ƙarya a cikinta: kuɗin suna akwati.

Mambobi kan kasance 15 zuwa 25. Ana yanka kuɗin hannu ɗaya, mace ta zuba daga hannu ɗaya zuwa biyar a kowane zama, gwargwadon cinikin makon. Ba a ranta wa kowa fiye da ninki uku na abin da ta tara. Akwai kuma ɗan asusu daban na rashin lafiya, gobara ko rasuwa. Bayan wata tara zuwa shekara sai a fasa, kowa ta ɗauki rabonta. A nan ya sha bamban da adashin da aka sani, inda mai kwasar ƙarshe sai dai ta yi haƙuri ko da ɗanta na kwance a asibiti. Ƙungiyoyin da ke gudun kuɗin ruwa kuwa, sai su saya wa mamba kayan da take so, buhun gyaɗa ko keken ɗinki, su sayar mata da ribar da aka yi yarjejeniya a kanta tun farko.

Sai dai tarawa rabin aiki ne. Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen kashewa, kuma babbar ɓarakar ita ce cakuɗa uwar kuɗi da riba. Mai ƙosai ta tashi da ciniki a gefen zane, ta sayi magi da omo a ciki, ta ba yara na makaranta, gobe ta je awon wake kuɗi ba su kai ba, sai ta ce kasuwa ta lalace. Darasin farko da ake koya wa kowace ƙungiya shi ne gwangwani biyu: a fara cire kuɗin wake, mai, niƙa da itace a jefa a na farko, abin da ya rage shi ne nata.

Darasi na biyu shi ne ranar fasa akwati, wadda ake tafka muhawara a kanta. Wasu na son ta faɗo dab da Sallah. Mai wannan rubutu kan ja hankalinsu zuwa lokuta biyu: gab da damina, lokacin taki da iri, ko kuma kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Kuɗin da aka raba ana saura kwana goma Sallah, atamfa da leshi ne ke cinye su, wannan ta gani ba sau ɗaya ba. Wanda aka raba da kaka kan zama buhun gero ko wake, a zuba waken a buhun PICS mai rufi uku don kada ƙwari su ɓata shi. Wannan na cin gida ne. Masu ɓoye hatsi don jiran tsada sun ji a jikinsu a 2025, da farashin masara ya faɗo.

Ajiye tsabar kuɗi a ƙarƙashin katifa ma ba dabara ba ce. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato abin da naira 10,000 ta saya shekara ɗaya kafin nan sai an nemi kusan 13,500. Canjin kuɗi na farkon 2023 kuma ya fito da masu asusun ƙasa zuwa layin banki ba shiri.

Sannan ga masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma duk salon ɗaya ne: na farko a biya su da kuɗin na baya, su zama masu talla kyauta a cikin dangi.

Ƙungiyar da akwatinta ya yi nauyi, ana ba ta shawarar buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a bankin da ke da lasisin Babban Bankin Najeriya. Mai son wanda ba ya harka da ruwa, akwai Jaiz da TAJBank. Tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma, don haka kafin a kai ko kwabo sai a tura sakatariya ta tabbatar bankin yana cikin waɗanda hukumar ta yi wa inshora.