Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Shafin Intanet Ƙyaftawa?

Wannan tambaya daga wani ɗalibi take, a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta. Ya ce ya haɗa shafi mai nuna farashin gero da dawa da gyaɗa, amma da ya sake jera su daga mai araha zuwa mai tsada, sai allo ya ƙyafta, layuka su yi tsalle. Mene ne magani?

To malam, manhaja irin Chrome tana sake zana allo sau 60 a daƙiƙa a yawancin wayoyi. Idan ka goge jerin ka gina sabo, ko layin ya dira sabon wurinsa kafin motsi ya fara, ido zai kama wannan zanen na tsakani. Shi ne ƙyaftawar.

Maganin dabara ce da ake kira FLIP, wadda Paul Lewis ya bayyana a 2015. Ka auna inda layin gero yake. Ka sake jerin, ka auna sabon wurinsa. Kafin a zana allo, ka tura shi baya da umarnin transform, sannan ka sake shi ya zame a hankali. Wannan umarni ba ya tilasta wa waya sake lissafin shafin gaba ɗaya. Kuma kowane layi ya riƙe lambarsa ta dindindin, don a matsar da shi, ba a goge ba.

Tun 2023 Chrome ta zo da View Transitions mai sauƙaƙa wannan aiki. Ka gwada shafin a ƙaramar waya irin ta manoman da ka yi shi dominsu, ba a kwamfutarka kaɗai ba.