Rashin Furotin Nurofiburomin da Rikicewar Saƙonni a Ƙarin Jijiyoyi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1882 ne likitan nan Bajamushe, Friedrich von Recklinghausen, ya yi bayanin wata cuta da ke sa ƙari ya tsiro a jikin jijiyoyin saƙo. A yau ana kiranta NF1, kuma tana samun kusan mutum ɗaya cikin kowane 3,000. A 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakinta a kan kuromosom na 17, wadda aikinta shi ne samar da furotin mai suna nurofiburomin. Wannan maƙala ta yi nazarin yadda rashin wannan furotin yake dagula saƙonni a cikin tantanin halitta.

2.0 Aikin Nurofiburomin

Lafiyayyen tantani ba ya rabuwa gida biyu sai ya sami umarni daga waje. Umarnin yana bi ta kan wani furotin mai suna Ras, wanda ke aiki tamkar makunnin lantarki. Idan yana riƙe da sinadarin GTP, a kunne yake. Idan sinadarin ya koma GDP, sai ya mutu. Ras yana da nawa wajen kashe kansa, nurofiburomin ne ke hanzarta masa. Wannan ne ya sa ake lissafa shi cikin furotin masu daƙile ƙari.

3.0 Illar Rashinsa

Kowane mutum yana da kwafi biyu na wannan ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai cutar NF1 ana haihuwarsa da kwafi ɗaya lalatacce, amma ƙari ba ya fitowa sai na biyun ma ya lalace a cikin tantanin Schwann, waɗanda ke lulluɓe jijiya. Wannan ya dace da ra'in lahani biyu da Alfred Knudson ya gabatar a 1971.

Da zarar furotin ya ɓace, Ras yakan daɗe a kunne. Daga nan saƙon girma ya riƙa kwarara ta hanyoyi biyu: hanyar RAF, MEK da ERK, mai ingiza rabuwar tantani, da hanyar PI3K, AKT da mTOR, mai hana shi mutuwa. Yawancin ƙarin da ke biyo baya ba sankara ba ne. Sai dai idan wasu masu daƙile ƙari, irin su CDKN2A da TP53, suka lalace su ma, yana iya rikiɗa ya zama sankarar kuben jijiya, wadda ke samun kashi 8 zuwa 13 cikin ɗari na masu cutar a tsawon rayuwarsu.

4.0 Kammalawa

Sanin wannan tsari ya nuna inda za a datse saƙon. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin selumetinib, mai toshe MEK, ga yaran da ƙarinsu bai yiwuwa a yi masa tiyata. Maganin yakan rage girman ƙarin, amma ba ya mayar da furotin da aka rasa, don haka bibiyar majinyaci a asibiti ta zama dole.