Yadda Ake Gwada Taswira da Taswira Inda Ƙasa ta Shiga Cikin Ƙasa

Akwai wurare a duniya inda za a tarar da yankin wata ƙasa zaune a tsakiyar wata, an kewaye shi ta ko'ina, kamar tsibiri amma a tudu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Hakimai, gama kafin Turawa su tsara gundumomi, garuruwan basarake ɗaya a ƙasar Kano a warwatse suke cikin na waɗansu. Abin da ake so Hakimai da malamansu su koya a nan shi ne abin yi idan taswira biyu suka saɓa a kan irin wannan wuri.

Garin Baarle, a kan iyakar Beljiyam da Holan, shi ne misali mafi kyau. Beljiyam tana da yankuna 22 a cikin ƙasar Holan, a cikinsu kuma akwai yankuna 7 na Holan. Iyaka takan ratsa tsakiyar gida, har ya zama ƙofar gida ake dubawa a san ƙasar da mai gidan yake.

Abu na fari da malami zai duba shi ne ma'aunin taswira. A taswirar safiyo mai ma'auni 1:50,000, wadda ke nuna tuddai da rafuka da hanyoyi, santimita ɗaya tana daidai da mita 500. Gona mai faɗin mita 50 za ta fito kamar ɗigon alƙalami. A mai ma'auni 1:1,000,000 kuwa, santimita ɗaya kilomita 10 ce, gonar nan ba za ta fito ba sam. Saboda haka rashin ganin yanki a taswira ba shaida ba ne cewa babu shi.

Sa'an nan a duba wanda ya zāna ta, gama kowace gwamnati takan zāna abin da take da'awa. A yarjejeniyar 1843 masu shata iyakar Baarle sun kasa ja layi ɗaya, sai suka bi filaye ɗaya bayan ɗaya suna rubuta ƙasar da kowanne yake. Daga baya gardama ta tashi a kan filaye biyu kusa da ƙauyen Zondereigen. Taswirorin sojan Beljiyam sun nuna su nata ne, Holan kuwa ta ce ita ta daɗe tana karɓar harajinsu. A 1959 Kotun Duniya ta ba Beljiyam gaskiya, kuma ginshiƙin hukuncin shi ne rubutacciyar yarjejeniyar nan. Taswira mai taimako ce kawai, ko da ta fi takardar kyan gani. Malamin da ya zo wa Hakimi da taswira ba tare da takardar iyaka ba, rabin aiki ya yi.

Kada kuma a manta da shekarar bugawa, wadda akan samu a gefen takarda. Taswirar Indiya da Bangaladash da aka buga kafin 2015 tana iya nuna yankunan Indiya 111 a cikin Bangaladash, da na Bangaladash 51 a cikin Indiya, waɗanda aka yi musayarsu a ƙarshen watan Yuli na shekarar, aka bar wa mazauna zaɓin ƙasar da za su bi.