Naman Kaza: Na Ci da Na Gudu

Ya kai maigida, in damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, naman kaza yakan fito a gonakin Batsari da Safana har gefen Dajin Rugu. Iri-iri ne, waɗansu sun yi kama da juna har su ruɗi babba, balle yaro.

Wanda aka fi amincewa da shi shi ne na suri. Gara ce ke nomansa a gidanta, gama abincinta ne. A 1942 masana suka ba danginsa suna Termitomyces. In ka tona a hankali za ka ga doguwar saiwa ta nutse har ɗakin gara, tsakiyar hularsa kuma da ɗan tsini. Tun da ba ya rayuwa sai da gara, wanda ya rushe suri ko ya zuba masa magani ya kashe shi ke nan. Surin da ke bakin daji, nesa da rumbu, ka ƙyale shi. In kana tsinka kuma, ka bar waɗansu su tsufa su zubar da iri.

Akwai wani fari mai faɗin hula da zobe a wuya, cikin ciyawa yake fitowa. Ka cire hularsa, ka kifa kan farar takarda, ka rufe da ƙwarya ya kwana. In da safe ka ga gari kore-kore, dafi ne, yana kawo amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3. Amma rashin kore bai isa shaidar lafiya ba.

Wanda ka ga gindinsa cikin 'yar jaka, kada ka taɓa kai shi tukunya. A cikin irin wannan akwai mai kisa. Ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24, sa'an nan mutum ya ji kamar ya warke, alhali hanta tana lalacewa. Dahuwa ba ta kashe dafinsa, shanya ma haka. Masu cewa wai abin da tsutsa ta ci mutum ma ya ci, su sani cikin tsutsa dabam, naka dabam.

To, in wani ya ci ya soma amai, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a kai shi asibiti nan da nan tare da duk waɗanda suka ci, ko da ba su ji kome ba. A tafi da ragowar miyar, da ɗanyen in akwai, likita ya gani.