Darasi Na 14: Ruwa, Abinci Da Bugun Zuciya

Jama'a, yau za mu karanta labarin zuciya. Kowa ya dunƙule hannunsa ya duba. To, girman zuciyarsa ke nan. Aikinta shi ne tura jini ko'ina a jiki. Tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, ba ta hutu dare da rana.

Bari mu koyi ƙirga bugunta. Mu zauna mu huta tukuna. Sa'an nan mu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa. Za mu ji jijiya tana motsi. Wani ya riƙe agogo, mu ƙirga har minti 1. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, zai sami 60 zuwa 100. Na yara ya fi haka sauri. In mun yi gudu, ko mun tsorata, ko zazzaɓi ya kama mu, bugun yakan ƙaru. Amma wani lokaci muna zaune lafiya lau sai mu ji ƙirji yana dakan uku-uku. Sau da yawa dalilin yana cikin abin da muka ci, ko abin da muka sha, ko ruwan da ba mu sha ba.

Na farko, ƙishirwa. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma yawancinsa ruwa ne. Mu mutanen Limawa da kewayen Dutse mun san zafin bazara, daga watan Maris zuwa Mayu. Manomi yana sharar gona, ko mai kaya ya nufi kasuwar Shuwarin da rana tsaka, zai iya zubar da gumi lita 1 cikin sa'a guda. In bai mayar da ruwan ba, jini ya ragu. Dubi mai ban ruwa a lambu. In gugarsa ƙarama ce, dole ya riƙa zuwa rijiya da sauri kafin lambun ya ƙoshi. Haka zuciya take yi in jini ya yi kaɗan.

Yaya za mu gane? Baki ya bushe, kai ya yi ciwo, mu ga jiri in mun miƙe. Fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja. Fitsarin mai isasshen ruwa fari-fari ne. Saboda haka kada mu tafi gona ba gora. Mu riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta tsananta ba. In azumi ya zo da zafi, mu sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Fura da nono, da kunu, da kankana duk suna taimako. Dabinonmu na Dutse ma yana da wani gishiri da ake kira fotashiyam, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai.

Gudawa da amai sun fi rana saurin ƙwace ruwan jiki, musamman ga yara. Suna fitar da ruwa da gishiri tare. Maganinsu na farko shi ne ruwan gishiri da sukari. Ana samun ƙunshinsa a asibiti. In babu, mu tafasa ruwa lita 1, mu bari ya huce. Mu zuba sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. A riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan, a kuma kai shi asibiti.

Na biyu, goro da shayi da kofi. A cikinsu duka akwai wani abu mai suna kafin. Shi ne ke kore barci, shi ne kuma ke zaburar da zuciya. Goro ɗaya bayan abinci ba ya damun yawancin mutane. Amma wanda ya tashi bai karya ba, ya ci goro uku, ya bi da shayi mai kauri, kada ya yi mamaki in hannunsa ya yi rawa, ƙirjinsa ya yi ta bugu. Lemon gwangwani na ƙara kuzari da samari ke sha yana da kafin da yawa. Taba ma tana sa zuciya gudu. Wanda ya lura haka na samunsa, ya rage har mako 2, ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa, ya ga bambanci.

Na uku, ƙarancin jini. Jan jini ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya raba wa jiki. Jiki ba ya yin jan jini sai da sinadarin ƙarfe daga abinci. In ya yi kaɗan, zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi. Mutum ya riƙa haki, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Mata masu ciki da yara sun fi kamuwa. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma suna shan jini. Abincin da ke gina jini yana kusa da mu: hanta, nama, kifi, wake, zogale, rama da alayyafo. Mu matsa lemon tsami a kan kwaɗo, yana taimakon jiki ya karɓi ƙarfen. Shayi kuwa yana tare shi, don haka kada mu sha shi tare da abinci.

Amma ba kowane bugun zuciya ne ruwa ke kwantarwa ba. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ga masu jego da yawa da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa. Suka zargi yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai zafi ƙwarai. A 2020 Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka buga wani bincike. Suka nuna ramewa, da hawan jini lokacin ciki, da rashin ilmi sun fi alaƙa da ciwon. Mai jego da ke haki in ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, ba ƙishirwa ke damunta ba. Kada a ɗura mata ruwa, kada a ƙara mata kanwa ko gishiri. A kai ta asibiti ran nan.

Haka kuma duk wanda ƙirjinsa ke ciwo, ko ya suma, ko numfashinsa ke sarƙewa, ko bugunsa ya wuce 100 bayan ya huta ya sha ruwa, a kai shi Babban Asibitin Dutse ko ɗakin shan magani mafi kusa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ya bi maganar likita. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Sau nawa zuciyar babban mutum ke bugawa a minti 1?
2. Me ya sa ƙishirwa ke sa zuciya sauri?
3. Cokali nawa na sukari ake zubawa a ruwa lita 1?
4. Faɗi abinci 4 da ke gina jini.
5. Wace alama ce za ta sa mu kai mai jego asibiti?

Aikin Gida

Kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa da safe da yamma har kwana 3. Ya rubuta lambobin a littafinsa, ya kawo wa malam.