AIKI DA ALLO BIYU WAJEN TSARA SHIRIN KWAMFUTA DA ZANE

Galibin shirye-shiryen kwamfuta rubuta su a ke yi, layi bayan layi, kamar wasiƙa. Amma akwai wata hanya dabam, watau a tsara su da zane. Mai tsarawa ya kan jera 'yan akwatuna, kowane da aikinsa, sa'an nan ya haɗa su da wayoyi. Ɗaya daga cikin waɗanda su ka shahara na wannan iri ita ce LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na birnin Austin a Amurka ya fitar a 1986 domin kwamfutar Macintosh. Masu aikin awo da gwaje-gwaje su ne su ka fi amfani da ita.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara sani shi ne, kowane shiri a cikin LabVIEW taga biyu gare shi. Ta ɗaya ita ce fuska, inda a ke sa maɓallai da fitilu da ma'aunai, abin da mai amfani da shirin zai gani ke nan. Ta biyu ita ce taswira, inda akwatuna da wayoyi su ke, nan ne a ke yin ainihin aikin. Duk maɓalli ko fitila ko ma'aunin da ka ɗora a fuska, nan take alamarsa za ta fito a taswira.

To, ga inda wahala ta ke. In allonka ɗaya ne, taga ɗaya ta kan rufe ɗaya. Sai ka danna Ctrl da E ka koma wannan, ka sake dannawa ka koma waccan. In kuwa ka danna Ctrl da T, sai su raba allon biyu, kowace ta ƙuntata. Malamin da ya taɓa share lissafi domin ya sami wurin rubuta amsa, yara na kukan ba su gama kwafa ba, ya san irin wannan damuwa.

Maganin abin shi ne allo na biyu. Wannan ba sabon abu ba ne, gama Macintosh II ta 1987 ta iya ɗaukar allo fiye da ɗaya, Windows 98 kuma ta zo da haka a 1998. Sai ka ajiye taswira a allon da ya fi girma, sosai gabanka, domin can ne aikinka ya fi yawa. Fuska kuwa ka kai ta allon gefe, tare da 'yar tagar bayani da ke fitowa in an danna Ctrl da H.

Amfanin wannan ya fi bayyana lokacin neman kuskure. A ce ka tsara shirin auna zafin ruwa, wanda zai kunna jar fitila in zafi ya wuce digiri 80. Ruwa ya tafasa, fitila ba ta kama ba. A saman taswira akwai hoton ƙwan lantarki. In ka danna shi, shirin zai riƙa tafiya sannu sannu, ka ga 'yan ɗigo suna bin wayoyi, lambobi suna fitowa. Idonka ɗaya na kan taswira, ɗaya na kan fuska, sai ka ga daidai akwatin da lamba ta shiga lafiya ta fito a karkace. Gani ya kori ji.

Amma fa a yi hattara, allo biyu na da tarko uku.

Na farko, yalwar wuri ta kan sa mutum sakaci. Ya yi ta jan waya daga wannan allo har ta ƙetare zuwa wancan, taswira ta zama kamar saƙar gizo. Ƙa'idar da gwanaye su ke bi ita ce, taswira ta tsaya cikin allo ɗaya, aiki ya tashi daga hagu ya nufi dama. In ta fara cika, a tattara wani sashe a mai da shi ƙaramin akwati guda, a ba shi suna. Ka tuna wanda zai gyara aikinka bayanka, watakila ƙaramar kwamfuta ta hannu kaɗai gare shi.

Na biyu, LabVIEW ta kan ajiye shiri tare da wurin da tagarsa ta ke. In ka ajiye shi a allon gefe, aka buɗe a kwamfuta mai allo ɗaya, wani lokaci tagar ta kan maƙale a baki, sai an sha fama a jawo ta. Saboda haka kafin ka ajiye, ka komo da tagoginka duka babban allo.

Na uku, fuskar da ka shimfiɗa a faffaɗan allo ba lalle ta shiga allon mai amfani da ita ba. Maɓallin tsai da injin ya na iya ɓacewa can ƙasa inda hannu ba zai kai da sauri ba, wannan kuwa hatsari ne. Sai ka tambayi girman allonsa tun da fari, ka yanka rigar daidai jikinsa.

Allo na biyu dai domin ka ga fuska da taswira gaba ɗaya a ka yi shi. Wanda ya mai da shi filin baza wayoyi ya ƙara wa kansa aiki.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin fuska da taswira?
2. In taswira ta fi ƙarfin allo ɗaya, me za ka yi?
3. Don me za ka komo da tagogi babban allo kafin ka ajiye aikinka?