Amsar Tambaya: Goge sunaye ya wadatar kafin in saki bayanan bincikena?

Tambaya: Na yi hira da mata masu yoyon fitsari don bincikena. Mujallar da za ta buga aikin ta ce in ɗora bayanan a intanet. Idan na goge sunayensu, shi ke nan?

Amsa: 'Yar'uwa, bai wadatar ba. A shekarar 2000 Latanya Sweeney ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa sun isa a gane kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka. To ina ga ƙauyen da kowa ya san wadda mijinta ya saka bayan doguwar naƙuda? Shekarunta da yawan haihuwarta kaɗai sun tona ta, ita kuwa amana ta ba ki.

Ki fara duba takardar amincewar da suka dangwala wa yatsa. In ba a faɗa musu za a saki bayanan ba, ba ki da izininsu, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman. Ki mayar da maganar gaban kwamitin da ya amince da binciken.

Abin da za ki iya saki, ki cire sunan ƙauye ki bar jiha, shekaru kuma ki rubuta kamar 15 zuwa 19. Muryoyin da kika naɗa kada su fita ko kaɗan. Sauran ki killace su, duk mai binciken da ke so ya nema a rubuce, ya ɗauki alkawarin rufe sirri. Mujallu da yawa na karɓar wannan tsari idan aka bayyana wa edita dalili.